Ɗan Kokawa Da Kirari, Ɗan Ƙwallo Da Lamba

A hutun damina da ya wuce, tafiya ta bi da ni wani gari da ke bakin kwalta tsakanin Agye da Gazawa, na tarar ana wasan ƙarshe na gasar ƙwallon samari. Ƙungiya guda sunanta Riyal, gudar kuma Celsi. Kofin kuwa yana ɗauke da sunan wani attajiri da ya saye shi da kuɗinsa, wanda aka kwashe kusan sa'a guda ana zuba masa yabo da Faransanci, alhali in aka ƙirga masu jin harshen a filin ba za su cika motar kasuwa guda ba. Wani yaro siriri ya jefa ƙwallo biyu a raga, gari ya ɗauki sowa, mai riƙe da amsa-kuwwa yana ta ihun "lamba tara, Mbape!" Kusa da ni akwai wani dattijo riƙe da keke, da ƙasar gona har gwiwa. Ya juyo ya ce mini: "Malam, wancan ɗana ne, amma har yanzu ban ji an ambace shi ba."

Maganar wannan dattijo ita ta hana ni barci, ita kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Ina so in tambayi masu shirya gasannin ƙwallon ƙafa a jahar Maraɗi, tun daga na unguwa har zuwa hukumar FENIFOOT da ke Yamai: wane laifi ɗan ƙauye ya yi muku da sai kun tuɓe masa sunansa, da na ubansa, da na garinsu, kafin ku yarda ya shiga fili?

Kada wani ya ce mana ba a san yadda ake girmama ɗan wasa ba a ƙasar nan. An sani sarai. Tun 1975, da aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakaranta na farko, ba a taɓa shigar da ɗan kokawa fage kamar marayan akuya ba. Jahohi takwas, kowace da ƙarfafanta goma, kowanne kuma yana shigowa da makaɗinsa, da kirarinsa, da walkinsa, a faɗi garin da ya fito da gidan da ya haife shi, da harshen da uwarsa za ta ji in ta kasa kunne ga rediyo. Wanda ya yi sarauta a ba shi takobi, a naɗa masa rawani, a ɗora shi bisa doki. Fagen kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake amsawa, na Doso kuma sunan Salma Ɗan Rani. Ga shi kowa ya shaida, in ana Takobi kasuwa kan mutu, ofis ya zama kufai. Me ya kawo wannan ƙauna in ba don talaka yana ganin kansa da gidansu a cikin fagen ba?

Ita ma ƙwallon, magabatanta a Maraɗi sun fi na yau basira. Da suka tashi kafa ƙungiyoyi, sai suka waiwayi tarihinsu. Suka kira ɗaya Jangwarzo, don tunawa da Bawa Jangwarzo, Sarkin Gobir na Alƙalawa. Suka kira wata Ɗan Kasawa, don tunawa da Sarkin Katsinan da ya kafa sarautarsa a Maraɗi. Jangwarzo ɗin nan kuwa ita ta zama zakarar ƙasa a 1983, ta ƙwace kambi daga hannun ƙungiyoyin Yamai. Sunan Bagobiri bai nauyaya ƙafar kowa ba. To yaya aka yi jikokin mutanen Tsibiri, inda gadon sarautar Gobir yake har yau a gundumar Gidan Rumji, suka koma suna rantsuwa da sunan wata unguwa ta birnin Landan da ba su san gabas da yammanta ba? Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ciwon ya daɗe, kuma yana da asali. A zamanin Nasara, kalmar da Faransawa ke kiran ɗan ƙasa da ita, wato "andijan", zagi ce: mutum ne da kwamanda ke iya ɗaurewa ba shari'a, a kai shi aikin dole ba lada, har zuwa 1946 da aka soke wannan doka. Ƙwallo ta shigo mana ta lakwal da bariki, da harshen lakwal da bariki, shi ya sa tun farko aka ɗauke ta wasan ƴan boko, aka bar wa ƴan karkara kokawa da langa. An sauke tutar Faransa a 1960, amma raini bai sauka ba, gida kawai ya sake: ɗan birni ya gaji kujerar kwamanda, ɗan ƙauye ya gaji matsayin "andijan".

Wanda ke shakka ya tuna da abin da ya sami Haruna Dula. Ɗan ƙasa ne, shi ya horar da Mena har ta doke Masar da ci ɗaya da nema a Yamai a 2010, ƙwallon da Musa Ma'azu ya jefa. Shi ya kai Nijar gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihi, ta 2012 a Gabon da Ikwatoriyal Gini, bayan ta sha gaban Masar da Afirka ta Kudu a rukuninsu. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na 2011. Da lokacin cin moriya ya zo, sai aka ɗauko Bafaranshe Rolan Kurbis aka ajiye masa a gefe da sunan mai ba da shawara, kuma kafin a gama gasar ragama ta koma hannun baƙon. In wanda Afirka duka ta yi wa jinjina ya sha wannan, me ake tsammani zai sami yaron Gangara ko na Cadakori?

An canza taken ƙasa a 2023. An sake sunayen wasu titunan Yamai a 2024, titin Dagol ya koma na Jibo Bakari. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk mun gani, mun ji. Sai dai sauya allon titi aikin yini guda ne da gwangwanin fenti. Ranar da za mu yarda an sauya zuciya ita ce ranar da manomin aya na Cadawa zai ji an kira ɗansa da sunan da ya raɗa masa ran suna.

Na san abin da wasu za su kawo a matsayin magani, domin mun saba gani: a ɗinka wa ƴan wasa riga mai aska takwas ta yini ɗaya, a gayyato ƴan kalangu su yi rawa gaban manyan baƙi, a ɗauki hoto, a watse. Masu wannan tunani su dubi Ostareliya. Can, ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar suka ƙwace wa ƙasa, sun yi fice a irin ƙwallon da ake bugawa a wurin. A 1993 ɗayansu, Niki Winma, da ƴan kallo suka dame shi da zagin launi, ya ɗaga rigarsa ya nuna baƙar fatarsa da yatsa. Daga baya hukumar wasan ta ware mako na musamman kowace shekara, ana sa riguna masu zanen gargajiya. Duk da haka, a 2015 ihun ƴan kallo ya raka babban gwarzonsu Adam Guds har ya ajiye wasa, kuma sai a 2019 hukumar ta fito ta ba shi haƙuri. Ashe riga ba ta tsare mutunci in babu doka da gaskiya a bayanta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wasu kuma za su daka tsalle su ce ambaton gari da asali a filin wasa ƙofa ce ta ƙabilanci da ɓangaranci. Wannan tsoro ba na banza ba ne, duk wanda ya ga siyasar da ta biyo bayan Taron Ƙasa na 1991 ya san haɗarin. Amma shekara hamsin ke nan ana kokawa jaha da jaha, ƙasa ba ta tsage ba. Bagobiri ya kayar da Bazabarme a yi dariya, domin akwai taubasantaka tsakani, irin wadda ke tsakanin Fulani da Barebari, al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Abin da ke haifar da gaba shi ne a ɗaga wani a danne wani. Saboda haka girmamawar da muke nema ta kowa ce: yaron rugar Fulani da na zangon Buzaye da ke cikin waɗannan gundumomi, su ma a kira su da sunansu, makaɗansu su shigo da nasu kiɗan.

Ga abin da muke kira a yi, kuma babu ko ɗaya da ya fi ƙarfin aljihun gunduma.

Na farko, a kowace gasa, mai sanarwa ya ambaci ɗan wasa da sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu, da harshen mutanen wurin. In yaro yana da laƙabi na gida a ƙara masa, maroƙa kuma a ba su wuri a bakin fili kamar yadda suke da shi a fagen kokawa.

Na biyu, a daina rataya wa kofi sunan mai kuɗi ko mai neman kujera. Wanda ya taimaka a gode masa, Allah ya saka. Amma kofin Agye, da na Gazawa, da na Gidan Rumji, su ɗauki sunayen tsofaffin ƴan wasa da malaman lakwal da suka share filayen nan da hannunsu tun zamanin Samariya. Dattawan kowane gari sun san su. Waɗanda ke raye a zaunar da su a inuwa, su ne za su miƙa kofin, a kuma ware wani abu daga kuɗin ƙofa don maganinsu.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne takarda. Dokar FIFA ta tanadi cewa in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Tun 2022 ma akwai ofishi na musamman a Paris da ke bin wannan lissafi. Sai dai ƙungiyar da aka rubuta, da yaron da ke da lasisi, su kaɗai lissafin ya sani. Yaron da ya koyi ƙwallo a Gidan Sori ko Sae Sabuwa ba takardar haihuwa, ba lasisi, ranar da wani dillali ya ɗauke shi zuwa birni, tarihinsa daga ranar yake farawa, wani lokaci har da sabuwar shekarar haihuwa. Gobe in ya yi tsada a Turai, garin da ya ci tuwonsa ko dala ba zai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wajibi ne hukumar ƙwallo ta jaha ta fito daga birnin Maraɗi, ta bi gundumomi ta rubuta ƙungiyoyin karkara kyauta ko da kuɗi kaɗan, magadan gari kuma su sauƙaƙa wa yara takardun haihuwa. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011. Ya kamata a ce samarinta ma suna da rajistar da ta san da zamansu.

Ga samari kuma, ku ma akwai naku. Ba wanda ya hana ku kallon Riyal a gidan kallo, gwani dole a yaba masa. Amma in za ku sa wa ƙungiyarku suna, ku tambayi kakanninku wa ya haƙa rijiyar farko a garinku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dattijon nan mai keke bai jira rabon kyauta ba, ya ce zai koma kafin magariba ya ba dabbobi ruwa. Bai roƙi kowa kuɗi ba, bai nemi kujera a rumfar manya ba. Sunan ɗansa kawai ya zo ji, aka hana shi. Masu shirya gasar baɗi, ga ku ga Allah. Mu dai mun faɗa, kuma za mu dawo filin mu kasa kunne.