Faɗuwar da Ba Ta Zo Daidai da Zama Ba

Wata ranar Litinin cikin watan Disamba na shiga aji da sassafe domin darasin ƙagaggun labarai, sai na tarar da wani ɗalibi na ajin ƙarshe idanunsa jawur saboda rashin barci, amma bakinsa har kunne. Da na tambaye shi abin da ya samu, sai ya ce, "Malam, ai jiya an lallasa mu, mun gode Allah." Na ɗauka suɓutar baki ce. Ashe da gaske yake. Ya raba dare yana kallon ƙwallon ƙafar Amurka a wayarsa, yana addu'ar a ci kulob ɗin da yake goyon baya, aka kuwa ci shi, ya kwanta yana murna. Wannan murna ita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami, domin a ganina kuskure ce, kuma kuskuren ya wuce maganar ƙwallo.

Kafin mai karatu ya yi zaton yaron ya taɓu, bari in warware zare da abawa. Ƙwallon da ake magana a kai ba irin tamu ba ce. Ita wannan da hannu aka fi yin ta, ana sanye da hular kwano, ana karo kamar raguna. Babbar gasarta, wadda ake kira NFL, tana da kulob 32, kuma tun daga shekarar 2021 kowannensu wasa 17 yake yi a kaka guda. A tsarin da muka saba da shi, na Ingila ko na nan gida, wanda ya zo ƙarshe korarsa ake yi zuwa ƙaramin rukuni, kamar yadda Kano Pillars ta ɗanɗana a 2022. A NFL kuwa babu kora. Hasali ma wanda ya fi kowa shan kashi shi ake fara bai wa damar zaɓen gwani daga cikin samarin da suka fito daga ƙwallon jami'o'i, na biyu a lalacewa ya biyo baya, haka har a kai ga zakara, wanda shi ne na ƙarshen zaɓe. Ana yin wannan rabo zagaye 7 a kowace shekara. An soma shi a 1936 bisa shawarar Bert Bell, mai kulob ɗin Philadelphia Eagles, da kyakkyawar niyya: kada masu kuɗi su kwashe gwanaye su bar matalauta da hamma.

To, daga nan ne lissafin ɗalibina ya samo tushe. In har kulob ɗinka ya riga ya fitar da rai da kofin bana, me nasara ɗaya ko biyu za ta ƙara maka? Gara a ci gaba da faɗuwa har a kai ƙasan teburi, a ɗauko gwanin gwanaye, musamman madugu, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo da tsara hari, wanda kusan rabin rayuwar kulob a hannunsa take. Masu wannan ra'ayi sukan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Kuma adalci ya wajabta in ce suna da hujja. Indianapolis Colts ta zo ƙarshe a 1997, ta ɗauki Peyton Manning a 1998, shi ya kai ta ga lashe kofin Super Bowl a 2007. Cincinnati Bengals ta ci wasa 2 kacal a 2019, ta ɗauki Joe Burrow, kafin shekara biyu ta cika sai ga ta a wasan ƙarshe. Ko a ƙwallon kwando, an zargi Houston Rockets da sakin jiki da gangan a ƙarshen kakar 1983 zuwa 1984, abin da ya share mata hanyar ɗaukar ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon, wanda ya ciyo mata kofi a 1994 da 1995. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Amma mai wannan lissafi yakan tuna waɗanda suka ci riba, ya manta da waɗanda suka karye. Abin da ake kira zaɓen farko cinikin biri a sama ne. Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell da lamba ta ɗaya a 2007, ta sallame shi a 2010 bai tsinana komai ba. Detroit Lions ta sha kaye a dukkan wasanninta 16 na 2008, ta samu Matthew Stafford, gwani na gaske, ya shekara 12 a can ba a ci ko wasa ɗaya na sili-ɗaya-ƙwale ba; yana komawa Los Angeles Rams a 2021, a kakarsa ta farko ya ɗaga kofi. Cleveland Browns ta ci wasa 1 a 2016, ba ta ci ko ɗaya ba a 2017, ta samu lamba ta ɗaya sau biyu a jere, amma madugun da ta ɗauka a 2018, Baker Mayfield, ta rabu da shi a 2022 ba ta ko ji ƙamshin wasan ƙarshe ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Tom Brady, mai kofi 7, sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a waiwaye shi a shekarar 2000. Kansas City Chiefs ta ci wasa 12 a 2016, ba ta faɗi ba, ba ta roƙi faɗuwa ba, ta yi musayar lambobi ta hau zuwa ta 10, ta ɗauko Patrick Mahomes. Darasin a fili yake: gidan da ke da tsari yakan mayar da yaro gwarzo, gidan da ya ruɓe kuwa ko zaki aka kai masa sai ya rame.

Akwai wasanni biyu da nake son mai karatu ya dubi yadda suka kasance. A watan Disamba na 2020, New York Jets, bayan ta sha kaye sau 13 a jere, ta je ta doke Rams da ci 23 da 20. Maimakon guɗa, sai magoya bayanta da yawa suka hau zagin 'yan wasansu, domin nasarar ta miƙa lamba ta ɗaya ga Jacksonville Jaguars, tare da yaron da kowa ke kwaɗayi, Trevor Lawrence. Gaskiya ne Zach Wilson da Jets ta ɗauka a madadinsa bai yi abin kirki ba. Sai dai ita ma Jaguars, da Lawrence ɗin a hannunta, ƙarshen teburi ta sake zuwa a 2021. Na biyu, a watan Janairu na 2023, Houston Texans ta ci Colts 32 da 31 a daƙiƙoƙin ƙarshe na wasan rufe kaka, lamba ta ɗaya ta suɓuce mata. Aka yi ta Allah wadai, aka kori koci Lovie Smith a daren. Da aka zo rabo, Carolina Panthers ta ɗauki Bryce Young da lamba ta ɗaya, Texans ta ɗauki C.J. Stroud da ta biyu. A kakar da ta biyo baya Texans ta ci wasa 10, ta zo ta ɗaya a rukuninta, Panthers kuwa wasa 2 ta ci. Waɗanda suka tsine wa waccan nasara, ina suka sa fuskarsu?

Duk da haka, ba na son in jingina hujjata a kan sa'a kawai, domin gobe lissafin yana iya yi wa wani daidai. Mu ƙaddara ma yana yin daidai kullum. Har yanzu ina cewa bai dace ba, saboda mutanen da ke cikin fili. Shi ɗan wasan nan da ake roƙon ya faɗi, sana'arsa yake yi, kuma sana'a ce mai gajeren kwana, wadda yawancin masu yin ta ba sa wuce 'yan shekaru kaɗan kafin gwiwa ko kafaɗa ko ƙwaƙwalwa ta ce ta gaji. Kowane wasa ana ɗaukar hotonsa, kuma da wannan hoton za a yanke hukuncin ko za a sabunta kwantiraginsa. Yaron da ake mafarkin ɗaukowa baɗi, gurbin wani daga cikinsu zai zo ya gaje. Ke nan mai fatan kaye cewa yake yi da mutum: ka karya ƙashinka yau, ka kuma yi rashin nasara, domin a samu wanda zai karɓe abincinka gobe. Wace irin ƙauna ce wannan? A tuna da Andrew Luck. A 2011 magoya bayan kulob da dama sun yi ta fatan faɗuwa dominsa, Colts ta same shi a 2012. Raunuka suka cinye shi, ya ajiye wasa a 2019 yana da shekara 29. Daren da labarin ya fasu, wasu daga cikin 'yan kallon gidansu ihun tsiya suka yi masa yana fita daga fili. Wanda ya koyi kallon mutum a matsayin haja, ranar da hajar ta fashe ba zai ji tausayinta ba.

Sannan akwai abin da wannan fata ke yi wa shi kansa ɗan kallo, kuma a nan ne sana'ata ta nazarin adabi ta shigo. Abin da ke riƙe mai sauraron labari shi ne ya damu da jarumi, ya ji tsoro dominsa, ya yi fatan ya kuɓuta. Ranar da mai karatu ya koma yana roƙon a kashe jarumi a babi na uku don littafi na biyu ya fi armashi, ya tashi daga mai karatu ya zama ɗan kasuwar littafi. Haka mai goyon baya. Ba shi da ko sisi a kulob, ba ya cikin ɗakin da ake zaɓe, fatansa ba ya ƙara ko rage maki ɗaya. Abu guda da ya mallaka shi ne zuciyarsa a cikin awa ukun nan na wasa. In ya sayar da wannan domin ya kwaikwayi manaja, me ya rage masa? Kaka guda wasa 17 ce kawai. Wanda ya zubar da rabinta yana jiran baɗi, ya zubar da abin da ba ya dawowa, alhali ba shi da tabbacin shi ko uban da suke kallo tare za su ga baɗin. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Mafi muni, murnar faɗuwa lasisi ce da talaka ke miƙa wa mai kulob. Attajirin da ya tara 'yan wasa marasa ƙwari, ya rage kashe kuɗi, bai rage kuɗin tikiti ba, sai ya laƙaba wa gazawarsa suna "sake gini", masu biyan kuɗin kuma su tafa masa. A 2022 tsohon kocin Miami Dolphins, Brian Flores, ya shigar da ƙara yana zargin mai kulob ɗin, Stephen Ross, da yi masa tayin dala 100,000 a kan kowane wasan da aka faɗi a 2019. Ross ya musanta, binciken hukumar gasar kuma ya ce kulob ɗin bai faɗi da gangan ba, ko da yake ya tabbatar da cewa Ross ya sha furta cewa matsayi a rabon 'yan wasa ya fi yawan nasara muhimmanci. A watan Janairu na 2021 kuwa, duniya na kallo kocin Eagles, Doug Pederson, ya cire madugunsa Jalen Hurts ana tsakiyar fafatawa da Washington, ya sako wanda ya daɗe bai taka leda ba. Aka ci su, lambarsu ta tashi daga ta 9 zuwa ta 6. Da zarar 'yan kallo sun soma tambayar ko kowane ɓangare yana son ya ci, wasa ya mutu, saura wasan kwaikwayo maras daɗi.

Na yarda, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da ke saka wa mafi lalacewa da mafi kyawun kyauta shi ya haifi wannan cuta, kuma yana da magani. Hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta shigo da jefa ƙuri'a a 1985, domin kada zuwa ƙarshe ya zama tabbacin samun lamba ta ɗaya. Akwai kuma dabarar da Adam Gold ya gabatar a 2012, wadda gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta mata, PWHL, ta ɗauka a 2024: daga ranar da kulob ya fita daga takarar kofi, sai a soma ƙirga masa makin da ya samu, wanda ya fi tarawa shi ke da zaɓen farko. Da haka mai rauni yana da lokaci mai tsawo na tara maki, kuma kowa nasara yake nema har ranar ƙarshe. Mai goyon bayan da ke ganin tsarin NFL ya karkace, ga inda ya kamata ya kai kukansa. Ya matsa wa hukuma, ya ƙaurace wa tikitin attajirin da ke wasa da hankalinsa. Wannan fushi ne mai amfani.

Na faɗa wa ɗalibina wasu daga cikin waɗannan maganganu bayan an tashi daga aji. Ya yi shiru, sa'annan ya ce, "To Malam, in mun ci sauran wasannin muka rasa yaron fa?" Na ce da shi sai ku rasa shi, ku nemi wani, kamar yadda Texans ta yi. Manaja aikinsa ne ya yi tanadin baɗi, kuma ana biyansa a kan haka. Kai naka aikin shi ne ka tsaya bayan mutanen da suka sa rigarka suka fita fili yau, ko da su ne na ƙarshe a teburi. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In aka ci ku, kuma lambar ta zo, karɓe ta hannu bibbiyu, babu laifi. Amma kada ka ɗaga hannu sama kana roƙon ta.