Gidan Dambe: Fagen da Manazarta Suka Tsallake

A yawancin kundayen digiri da na karanta a kan wasannin gargajiya, fasali guda ake ba dambe: wasan mahauta ne, da kaka ake yin sa, a dandali ko bakin kasuwa, 'yan wannan gari su tari 'yan wancan. Bayanin gaskiya ne, kuma haka dattawanmu na Kwandiko suke ba da labarinsa. Sai dai damben da ke raye a yau ya koma cikin gida mai shinge da ƙofa da mai karɓar kuɗin shiga. A ra'ayina, wannan ƙaura daga dandali zuwa gida ita ce canji mafi girma da ya sami wasan, kuma ita ce muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Wanda ya taɓa zama a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, ko gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ya san abin da nake nufi. Gida ya raba dambe da yanayin shekara. Da rani da damina ana ɗaura zare. Ya raba shi da gadon sana'a, domin ɗan manomi da ɗan malam duk suna shiga fage. Ya kuma sauya abin da ake karewa. A da sunan gari ɗan dambe yake ɗauke da shi, yanzu kuwa ɓangare ne: Kudu, Arewa ko Guramada. Mai kallon da ya biya kuɗi yana jin yana da haƙƙin ganin kisa, wannan kuwa ya shafi yadda ake haɗa wasa da tsawon turmi, har da abin da makaɗi zai zuga gwaninsa da shi. Duk mai son kwatanta waƙoƙin Ɗan Anace na Shago da kirarin 'yan damben yau, tilas ya sa wannan a lissafi, in ba haka ba zai ɗora wa adabi laifin da na kasuwa ne.

Maƙwabtanmu na Nijar wata hanya suka bi da kokawa. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, hukuma ta rungumi wasan, aka riƙa zagayawa da gasar takobi tsakanin jihohi, aka gina filaye na musamman. Filin Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya ci wancan takobi na farko. Senegal ta buɗe babban filin kokawarta a Pikine a 2018. A Bankok, filin Rajadamnern na damben Tailan yana aiki tun 1945, Dublin kuma ta gina wa 'yan damben da ba na haya ba zaurensu tun 1939. Gini irin wannan yakan zama rumbun tarihi ko da ba a nufa ba: ana sanin ranar da aka kara, da wanda ya kashe, da wanda ya yi alƙalanci.

Namu gidajen akasari filin aro ne ko na haya, an kewaye da langa-langa. Ranar da mai fili ya sami mai saye, sai a kwashe benci a nemi wani wuri, labarin shekaru goma ya bi iska. Na taɓa ganin matashi ya sha kisa a wani gida, keyarsa ta bugi ƙasa mai tauri, aka yi ta sheƙa masa ruwa ana kaɗa masa riga, babu ko ma'aikacin jinya a kusa. Ya tashi daga baya, Allah Ya kiyaye.

Akwai masu cewa da zarar gwamnati ta gina, to ta mallaka, kuma wasan zai koma bikin manya. Tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Amma maganinsa shi ne masu abin su kasance a wurin zana ginin. Fagen dambe yashi yake so da da'ira, ba dakali mai igiya irin na Turai ba. Yana son mazaunin masu kalangu daf da fage, da sararin da ɗan dambe zai zagaya ya yi kirari kafin a sa zare, da kusurwar kowane ɓangare. Injiniyan da bai san waɗannan ba zai gina abin da 'yan dambe za su ƙaurace wa, su koma bayan tasha.

Nan ne aikinmu ya shigo. Sassan nazarin Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna da ɗaliban da za su iya bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, su rubuta wanda ya kafa kowane, da shekarar, da wuraren da ya zauna, su naɗi muryoyin alƙalan wasa da makaɗa da masu ɗaura zare. Mutanen da suka ga dambe a dandali kuma suka gan shi a gida suna nan da ransu a Kano da Birnin Kudu da Gwaram, amma mafi yawansu furfura ta riga ta kama su.