Mudun da ke Cikin Wayarka

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Gaya ko ta Ajingi ya san ciniki ba ya faɗawa sai mai saye da ma'auni sun yarda da mudu ɗaya. Mai karatu, irin wannan yarjejeniya ce ke riƙe da wayar da ke aljihunka.

A ƙarƙashin kowace wayar Android akwai kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Shi ke kula da ƙwaƙwalwar na'ura da allo da layin sadarwa. Manhajoji ba sa taɓa waɗannan da kansu, sai dai su miƙa masa buƙata. Don haka tilas ɓangarorin biyu su daidaita kan faɗin kowace lamba da jerin kowane bayani. In kanel ya auna da bit 64, manhaja ta karɓa da 32, saƙo ya gurɓata ke nan.

Waɗannan ma'aunai suna rubuce cikin wasu fayiloli. Da can a cakuɗe suke da sirrin cikin gidan kanel, masu rubuta manhaja na shan wahalar tsame nasu. A 2012, cikin Linux 3.7, aikin David Howells ya ware su zuwa rumbu na musamman mai suna uapi. Abin da aka ajiye a nan ya zama alkawari, domin ƙa'idar Torvalds ita ce kada sabon kanel ya karya manhajar da take aiki jiya.

Alkawari kuwa kaya ne. Tsofaffin na'urori na ƙidaya daƙiƙu tun daga 1970 cikin bit 32, kuma wannan mudu zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. Tun da ba a iya sauya shi dare ɗaya, sai aka ƙera sabo mai bit 64 a gefensa, aikin da ya kankama a Linux 5.6 cikin 2020. Na'urar da ba a sabunta ba tana iya ruɗewa a ranar.

Kirana ga ɗalibanmu na kwamfuta a jami'ar Wudil shi ne su buɗe waɗannan fayiloli su karanta, kyauta ne. Wanda bai san mudu ba, abin da aka auna masa zai karɓa.