Ƙasa Ta Mai Takarda Ce, Ko Ta Mai Zama?

Ya ku 'yan makaranta, malaminku ya kan rataya taswira jikin allo, ya nuna muku layuka, ya ce nan na wane ne, can na wane. To, akwai masu cewa waɗannan layuka su ne ƙarshen magana. Wai in sarakuna biyu suna jayayya bisa wata ƙasa, sai a duba wanda takardarsa ta fi tsufa a ba shi. Mu ba mu yarda ba, ba ma sai mun je nesa neman shaida ba.

Cikin shekarar 1898 wakilan Ingila da na Faransa suka zauna a birnin Paris. Suka mai da Sakkwato cibiya, suka auna mil 100 daga gare ta, suka ja layi kamar baka. Abin da ke ciki na Ingila, abin da ke bayansa ta arewa na Faransa. Sa'an nan kuwa Sarkin Musulmi Abdurrahman na bisa gadonsa, don Turawa ba su ci Sakkwato ba sai watan Maris 1903. Watau an raba nama tun sa yana kiwo. Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, da Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Shagari, duk suka faɗa rabon Ingila, ba wanda ya aiko ko yaro ya tambaye su.

Ba a daɗe ba Faransawa suka kai kuka, wai hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba rijiyoyi. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka ja layin kudu, Birnin Ƙonni ta koma hannun Faransa. Ku duba fa! Ƙishin ayarin baƙo ya isa a gusa iyaka, zumuncin masu gida bai isa ba. Shi ya sa ɗan Illela ke karatun Ingilishi, ɗan'uwansa na Ƙonni ke karatun Faransanci, alhali kasuwa ɗaya su ke ci.

Kada ku zaci wannan ciwo ya warke a duniya. Akwai waɗansu tsibirai da a ke kira Falkland, wajen mil 300 daga Ajantina, wajen mil 8,000 daga Ingila. A 1982 ƙasashen biyu suka yi yaƙi a kansu, mutum fiye da 900 suka halaka. A 2013 aka tambayi mazaunan, duka suka zaɓi Ingila in banda mutum uku. Ingila ta ce maganar masu gida ita ce magana. Madalla. Amma laifi tudu ne. Ita Ingilar ce ta yanke tsibiran Chagos daga Murishiyas a 1965, ta kwashe mutanensu kaf tsakanin 1968 da 1973, don Amurka ta kafa sansanin soja. Su waɗannan ba masu gida ba ne? A 2019 Kotun Duniya ta ce raba tsibiran nan bai halatta ba. A 2025 Ingila da Murishiyas suka sa hannu a kan takardar mayarwa, da yawa daga korarrun kuwa suka ce har wa yau ba a shawarce su ba.

Wani zai ce tambayar talakawa ba ta yiwuwa. Ta yiwu, kusa da mu kuwa. Ƙasar Dikwa da Gwoza da Mubi ta Jamus ce dā, aka ba Ingila riƙonta amana bayan yaƙin 1914. Cikin Fabrairu 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka jefa ƙuri'a. Arewacin ƙasar amanar ya zaɓi Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, kudancin ya zaɓi Kamaru. Kowa ya bi inda ransa ya kwanta.

Wani kuma zai ce in aka buɗe wannan ƙofa, iyakokin Afirka duk sai su rushe. Gaskiya ne shugabannin Afirka sun yi alkawari a Alƙahira a 1964 za su riƙe iyakokin da suka gāda, mu ma ba mu ce a tumɓuke su ba. Abin da mu ke cewa shi ne, inda jayayya ta riga ta tashi, kada a yanke ta da tsohuwar takarda ko bakin bindiga, a bar masu noma ƙasar da masu binne iyayensu cikinta a bakin ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Saboda haka, in an nuna muku layi a taswira, ku koye shi sosai don jarrabawa, sa'an nan ku ɗaga hannu da ladabi ku ce, "Malam, wa ya ja shi, wa kuma aka tambaya?" Cikinku akwai alƙalai da wakilan gobe. Allah ya sa ku riƙe amanar masu gida, amin.