Uba na jin Shata, ɗa na jin Breaker: Shin ana gadon son waƙa?

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori ya san wannan 'yar rigimar. In direba dattijo ne ya sa waƙar Shata, manya sai su gyara zama suna gyaɗa kai, samari kuma kowa ya zaro iyafis ya toshe kunne. In kuma direban matashi ne ya saki Hamisu Breaker ko Ado Gwanja, ba a kai Bakori sai an ji wani daga baya ya ce, "Kai yaro, rage mana wannan hayaniyar." Abin da ke faruwa a motar shi ne ke faruwa a gidaje da yawa na wannan yanki. Uba yana ganin ɗansa ya bar waƙa mai ma'ana ya koma jin shirme, ɗan kuma yana ganin Baba ya maƙale a zamanin da ya wuce.

Iyaye da dama suna ɗaukar wannan a matsayin alamar lalacewar tarbiyya, tunda an ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To amma son waƙa ba gona ba ce da za a raba wa magada, kuma ba a taɓa gadonsa kai tsaye ba, ko a da. Abin da ya kamata ya dami iyaye ba wai ɗa ya zaɓi wani mawaƙi daban ba ne. Abin damuwar shi ne uba da ɗa sun daina sauraren komai tare.

Babu inda ya fi dacewa a fara wannan magana kamar Funtuwa, garin da Alhaji Mamman Shata ya zauna kusan shekara 40. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori, sannan ya tare a Funtuwa wajen 1960, kuma nan ne gidansa har ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura. Abin da masu kafa hujja da shi kan manta shi ne, Shata bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganin mutanen lokacin waƙa roƙo ce, ba sana'ar ɗan gidan mutunci ba. Shata ya yi tallar goro da alewa, amma zuciyarsa na wajen kalangu, har ya bi abin da yake so. Yaron da ya saɓa wa ra'ayin ubansa shi ne wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988. Wato mutumin da ake nuna wa yara a yau a ce ga waƙar iyaye da kakanni, shi kansa a zamaninsa sabon abu ne da manya suka yi wa kallon raini.

Gaskiya ne akwai gidajen da ake gadon kiɗa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gaban mahaifinsa ya koya, ya fara da kiɗan noma kafin ya shahara a waƙar sarauta, 'ya'yansa kuma suka ci gaba bayansa. Sai dai wannan gadon sana'a ne, irin na ƙira ko fawa ko wanzanci. Ɗan makaɗi yana iya riƙe kotson gidansu da rana, da dare kuma ya kunna abin da ransa ke so. Tambayar da ke gaban sauran jama'a, manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata, ita ce ta sauraro, ba ta sana'a ba.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba. Uban da ke da ɗa ɗan shekara 16 a yau, mai yiwuwa shi kansa bai wuce 45 ba. Ƙuruciyarsa ta faɗo ne a shekarun 1990, lokacin da finafinan Indiya suka cika gidaje a kaset ɗin bidiyo, finafinan Hausa kuma suka taso da waƙoƙin fiyano. Fim ɗin Sangaya da ire-irensa su ne suka yi tashe yana saurayi, 'yan makaranta a cikinsu kuma har da Bob Marley da Michael Jackson suka ji. A wancan lokacin nasa mahaifin ne ke cewa a kashe wannan nanaye a kamo masa Kaduna. Da yawa daga masu kare Shata a yau sai da suka girma suka dawo gare shi. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

Masu bincike a wasu ƙasashe sun lura da irin wannan. A 2018 wani masanin alƙaluma ɗan Amurka, Seth Stephens-Davidowitz, ya duba bayanan masu sauraren manhajar Spotify, ya gano cewa waƙoƙin da mutum ya fi riƙewa har girma su ne waɗanda suka fito yana wajen shekara 14 in namiji ne, ko 13 in mace ce. Shekarun balaga ke nan, lokacin da yaro ya fi jin maganar abokai a kan ta gida. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kowane zamani ya riƙe nasa. Amma wani bincike da aka wallafa a 2013 daga Jami'ar Cornell, ƙarƙashin Carol Krumhansl, ya nuna ɗaya ɓangaren. An kunna wa matasa 'yan kimanin shekara 20 waƙoƙin da suka yi fice cikin shekaru sama da 50, sai aka ga ban da na zamaninsu, suna da shaƙuwa ta musamman da na farkon shekarun 1980, wato na ƙuruciyar iyayensu. Dalili kuwa a fili yake: su suka taso suna ji a gida. Ɗa ba ya gadon zaɓin ubansa, amma abin da ya ji yana ƙarami yana kwanciya a ransa, ko ba daɗe ko ba jima ya taso.

A nan ne matsalar yankin Funtuwa da Malumfashi take. A da, waƙa abu ce ta taro. Gida ɗaya rediyo ɗaya, a hannun maigida, kuma in ya kamo Rediyon Kaduna da safe ko bayan sallar isha'i, kowa a gidan sai ya ji, ko yana so ko ba ya so. A gona akwai gayya. In an zo noman firi ko maimai, makaɗan noma na biye da samari da ganga, suna wasa gwani suna zolayar rago, uba na gefe yana ji ana kiran sunan gidansu. Da kaka, in an sayar da auduga kuɗi sun shigo hannu, sai bukukuwa da dambe da kokawa, nan ma yaro da babba kiɗa ɗaya suke ji. Da dare ga dandali.

Kusan duk waɗannan wuraren sun ja baya. Maganin feshi da 'yan ƙwadago sun rage buƙatar gayya, ganga kuwa ba ta bin mutum ɗaya mai goye da tankin feshi. Wa'azin da ya ƙarfafa tun daga ƙarshen shekarun 1970 ya sa gidaje da yawa sun nisanci kiɗa baki ɗaya, wasu bukukuwan suka koma walima. Rashin tsaro a Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara ya kashe taron dare a ƙauyuka da dama, domin wanda ke kwana da fargaba ba ya kiran makaɗi. Sai kuma waya. Yau yaro zai je wurin mai caji ya ba da 'yan kuɗi kaɗan a cika masa memori da ɗaruruwan waƙoƙi, in yana da data kuma TikTok ya wadatar da shi. Ya sa iyafis, ba wanda ya san abin da yake ji. Uban ma yana can da tasa wayar. Gida ɗaya, kunne goma, kowa da nasa kiɗan.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai waƙa nishaɗi ce kawai. Ba haka ba ne. Waƙoƙin su Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanmaraya Jos rumbu ne na Hausa. A cikinsu akwai kirari da zambo da habaici, akwai sunayen garuruwa da dazuzzuka da sarautu, akwai kalmomin noma da na fatauci da ba a ƙara jinsu a hira. Shata ya yi wa direbobi da manoma da malamai da sarakuna waƙa, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 bai bari ba. Wanda ya saurari Bakandamiya da kunnen basira ya koyi yadda Bahaushe ke wasa kansa ba tare da ya yi ƙarya a idon jama'a ba. Saurayin da ya ce waƙar Shata ba ta da daɗi, sau da yawa abin da yake nufi shi ne bai gane ba. Bai san wanda ake wasawa ba, bai san abin da ya faru aka yi waƙar ba, rabin kalmomin kuma baƙi ne a wurinsa. Ba kuma laifinsa ba ne, tunda ba wanda ya zauna ya warware masa.

Iyaye na da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba: akwai batsa da rashin kunya a wasu waƙoƙin yanzu, kuma waya na kai su hannun yaran da ba su isa ji ba. Wannan haka yake, kuma haƙƙin uba ne ya sa ido. Amma adalci shi ne a tuna cewa na da ma ba duka ne wa'azi ba. Shata ya yi waƙar da ta shafi shan giya, ya yi zambo mai zafi. Hajiya Barmani Choge, wadda ita ma 'yar ƙasar Funtuwa ce kuma a nan ta rasu a 2013, ta yi waƙoƙin amada da maza kan sunkuyar da kai in sun ji, ita ce kuma ta yi ta kiran mata su kama sana'a. Bambancin shi ne a da kowace waƙa tana da muhallinta, ta cikin gida daban, ta dandali daban. Yanzu waya ta rushe wannan katangar. Maganin kuwa ba zagin zamani ba ne, sanin abin da yaro ke ji ne, kuma ba a saninsa sai an saurara.

Ambaton Barmani ya tono wani abu da tambayar ta tsallake. Ana ta maganar uba, alhali waƙar farko da yaro ke ji daga bakin uwa take fitowa: ta reno, ta daka, ta niƙa, sannan kiɗan ƙwarya a wurin suna da biki inda yake goye a baya. In akwai gadon kunne, kason uwa ya fi na uba. Duk wanda ya saurari yadda Ado Gwanja ke yi wa mata waƙa zai ji ƙamshin amada a ciki, ko da kuwa fiyano ce ta maye gurbin ƙwarya.

Hasali ma, sabon bai yi nisa da tsohon kamar yadda ake zato ba. Dauda Kahutu Rarara, wanda ya fito daga ƙauyen Kahutu a ƙaramar hukumar Ɗanja, nan kusa da Funtuwa, da situdiyo yake aiki, amma ginin waƙarsa na gargajiya ne: a wasa gwani, a yi wa abokin hamayya zambo, 'yan amshi su karɓa. Naziru Sarkin Waƙa da Aminu Ala sun ɗauki salon waƙar fada sun sa masa sabuwar riga. Ko "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye ko'ina a 2020 lokacin kullen korona, begen masoyi ne, abin da Haruna Uji ya daɗe da yi da gurminsa. Kayan kiɗa sun canza, amma jijiyar tana nan. Saurayin da ke son waɗannan ya riga ya yi rabin tafiya zuwa wurin su Shata, saura wanda zai nuna masa hanya.

Hukumomi na da nasu aikin. Yankin da ya ba ƙasar Hausa Shata da Barmani ya cancanci wurin da za a tara faya-fayansu da kaset-kaset da tarihinsu, inda ɗalibi zai je ya saurara. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan Hausa na jami'o'in jihar za su iya haɗa hannu da iyalan mawaƙan da tsofaffin makaɗansu tun suna raye, domin kowane tsoho da ya tafi yana tafiya da bayanin da ba ya cikin kaset. Littattafai irin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta, sun nuna cewa aikin mai yiwuwa ne.

Sai dai babban aikin a gida yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Uban da ke son ɗansa ya san Shata, ya daina fara maganar da "ku yaran yanzu". Ya kunna waƙar a bainar kowa a hanyar gona ko wurin ɓarar masara, ya faɗi wanda aka yi wa ita, ya fassara habaicin, ya ba da labarin inda ya fara jin ta. In ya gama, ya ce wa yaron, "To kai ma sa mana naka mu ji," kuma ya daure ya ji har ƙarshe. Zai iya tarar da abin gyara, ya gyara cikin hikima. Zai iya kuma tarar da baitin da zai burge shi.

Ba lallai ɗan ya bar Breaker ba, kuma ba a buƙatar ya bari. Amma watarana zai kai shekara 45, yana cikin mota a hanyar Malumfashi, direba ya saki kalangu. In ya taɓa jin waƙar a gefen mahaifinsa, zai gane ta, ya tuna da mai ita da wanda ya fassara masa. In bai taɓa ji ba, sai ya nemi abin toshe kunne, kamar yadda yake yi yau.