Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Abin takaici ne yadda matasanmu masu shirya fim suke ƙarar da ɗan guzirinsu wajen hayar kyamara mai tsada, su mance da makirufo da fitila. Shin ina amfanin hoto garau idan rugugin janareto ya danne maganar ɗan wasa? Mai kallo yakan haƙura da hoto dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin magana sai ya tashi. Turmin Danya da ya share fage a Kano a 1990, da kyamarar bidiyo aka ɗauke shi. Da wayar iPhone 5s Sean Baker ya ɗauki Tangerine, ya kai shi bikin Sundance a 2015. Mu dai mun tsaya a kan a fara tanadar makirufo da fitila, ragowar kuɗin a nemi kyamara.