Abuta iri ukku ce

Zancen wannan wata na abuta ne. Aristo, wani malamin ƙasar Girka da aka haifa shekara 384 kafin Annabi Isa, ya raba abuta ukku cikin littafinsa na ɗa'a.

Ta farko abutar amfani. Manomin Bande da mai sayen gujiyarsa a kasuwar Magarya abokai ne, amma in gujiya ta ƙare, gaisuwa ma sai ta rage. Malamin ya lura rigima ta fi yawa cikin wannan, don kowa na ganin an ƙware shi.

Ta biyu abutar jin daɗi, irin ta samari wurin dara da hira. Tana tafiya da ƙuruciya.

Ta ukku aminci ne, inda mutum ke son abokinsa don kyan halinsa. Aristo ya ce irinta kaɗan ce, kuma sai an daɗe ana cin gishiri tare.

Biyun farko ba laifi ba ne, sai dai ba su ɗaukar amana. Mai shirin tafiya cin rani Kano ya auna da kyau wa zai bar ma rumbu da iyali.